Shawara: Zan je wajen maigida a Seoul amma bana so na dawo da hotuna kaɗai

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni tela ce, ina da shagon ɗinki a Zariya da 'yan mata da suke koyon aiki a wajena. Maigidana yana karatun digiri na uku a Seoul ta Koriya ta Kudu, shekara biyu kenan rabona da shi, yanzu Allah ya yi biza ta fito zan je masa na sati biyu a watan Oktoba. Shi kusan kullum yana makaranta sai dare, sai ya nemo wani kamfanin yawon buɗe ido har ya ba da kafin alƙalami, wai su dinga ɗaukata a bas kwana biyar, fadar sarki, hasumiyar Namsan, kasuwar Myeongdong, unguwar tsofaffin gidaje da iyakar Koriya ta Arewa. Ni kuma na taɓa yin irin wannan a Dubai, ana zuba mu a bas ana sauke mu, na dawo waya cike da hoto amma da aka tambaye ni ya mutanen garin suke na rasa abun cewa. Da na faɗa masa bana so sai ya ji haushi wai ban gode ba. Ina jin Turanci daidai gwargwado, ina sa hijabi, kuma ina tsoron abincinsu. Ya zan yi na ga garin da gaske ba tare da na ɓata masa rai ba?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kai ki lafiya. Bari na fara da maigidan tukunna dan maganarsa ta fi ta Seoul ɗin nauyi. Mutumin nan ɗalibi ne, kuɗin ɗalibi kuwa a garin da haya kaɗai take cinye rabin abun da ake ba shi ba ƙaramin abu bane, kuma masu digiri na uku a can in malaminsu bai tashi ba su ma basa tashi, dan haka da ya zauna ya lissafa yaga matarsa za ta zo daga Zariya ta wuni ita kaɗai a ɗaki ɗaya tana kallon bango, bata jin yaren, bata san hanya ba, sai ya yi abun da ya iya. Bas ɗin nan ba raini bane, tsoro ne da kulawa. Ke kuma da kika ce bakya so, abun da kunnensa ya ji shi ne kin mayar masa da kyauta. Toh ki kira shi, ki fara da godiya ta gaskiya, ki ce kin gane dalilinsa, sannan ki roƙe shi a rage kwana biyar ɗin zuwa ɗaya ko biyu, a sa su ranar da shi ma yake hutu ku je tare, sauran kuɗin kuma ya bar miki su a hannu na mota da abinci. Kar ki ce masa tsarin nasa bai yi ba. Ki ce masa akwai wuraren ɗinki da kike so ki gani saboda shagonki, kuma kina so ya raka ki ranar farko ya nuna miki yadda ake shiga jirgin ƙasa. Namiji in aka ba shi aikin yi a cikin shawara yafi saurin yarda.

Kuma nima bazan ce miki ki guji duk inda 'yan yawon buɗe ido suke zuwa ba. Fadar Gyeongbokgung an gina ta a 1395, shekara uku bayan kafa daular Joseon wadda ta yi mulki sama da shekara 500, ta ƙone a yaƙin da Japanawa suka kawo a 1592, an sake gina ta a ƙarni na 19, lokacin mulkin mallaka kuma Japanawa suka rushe mafi yawanta suka dasa ofishin gwamnansu a gabanta dan a daina ganinta, sai a 1995 Koriyawa suka fara rushe wannan ofishin. Wuri mai irin wannan labarin ai ba a ce kar a je ba. Ki je, shiga won 3,000 ne, won shi ne kuɗin ƙasar, ranar Talata a rufe take, ki je da safe ana buɗewa kafin basa-basai su iso. Abun da ya ɓata miki Dubai ba wuraren bane, saurin ne, minti arba'in a nan, mai tuta ya ɗaga tuta a koma mota, kuma duk wanda kika yi magana da shi a ranar ko direba ne ko mai sayar miki da abu.

Ke kina da abun da yawancin masu zuwa Seoul basu da shi, wato sana'a a hannu. Baƙo makahon gari ne ko da idonsa, sai dai in ya shiga wurin da ya san aikin da ake yi a ciki, nan ne idonsa yake buɗewa. In kika tsaya gaban fada za ki ce kai masha Allah ki ɗauki hoto ki wuce dan baki da abun gwadawa da shi, amma in kika ga mace ta duƙa kan keke tana haɗa hannun riga, da kallo ɗaya kin san ko gwana ce, kin san ko biyanta ake da ɗai-ɗai ko da wata, kin san inda bayanta yake mata ciwo. Toh Seoul gari ne da ɗinki ya taimaka wajen ɗaga shi daga talauci bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, kuma unguwar ɗinkin tana nan da ranta a tsakiyar gari. Nan nake so ki kashe mafi yawan kwanakinki.

Ki sauka a tashar jirgin ƙasa ta Dongdaemun, layi na 1 da na 4 duk suna bi ta nan, ki nemi ginin da ake kira Dongdaemun Shopping Complex, ba manyan shagunan kayan gayu na tsallaken titi ba, a'a, na yadi. Tun 1970 yake. In kin san Kantin Kwari toh ki ɗauka an ɗora shi hawa-hawa an rufe shi da rufi ɗaya, lungu siriri, rumfa manne da rumfa dubbai, kowace da lambarta a sama, kuma ki rubuta lambar duk wadda kika ga abun da kike so dan wallahi in kika wuce bazaki sake gano ta ba. A gaban kowace rumfa za ki ga 'yan ƙyallaye an yanka an liƙa a kati da lambar kala da sunan shagon, masu zana kaya suna zuwa da jaka suna tsinta, yawanci kyauta ne amma ki nuna da hannu ki nemi izini. Za ki ga dattawa da wani katako mai ƙafa biyu a goye an lafta masa dilolin yadi suna kutsawa cikin mutane suna kiran a ba da hanya, da rana kuma mata ɗauke da farantan abinci a ka an jera su hawa biyu uku ana kai wa masu rumfa. Hawa na biyar na duwatsu ne da maɓallai da zare da kayan ado, nan kam na san sai an janye ki. Da yadi suke sayarwa kamar mu, mai rumfa zai buga miki farashi a kalkuleta. Ki je ranar aiki da safe, Asabar da wuri masu yadi suke tashi, Lahadi kuma yawanci a rufe.

Ranar farko kar ki sayi komai. Ki taɓa, ki murza, ki ɗaga a haske, ki tara katunan ki koma gida ki baje su a gado. Washegari ki koma wajen mutum biyu ko uku da kika ga fuskarsu a sake take, ki tafi da rigar da kika ɗinka da hannunki, wadda ta sha aiki a wuya, ki nuna musu a jikinki ko a waya. Na ga yadda matan kasuwar nan suke yi da atamfa, sai ta kama bakin zanin ta juya cikinsa ta duba ɗinkin, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani, ta ɗaga miki babban yatsa, daga nan sai kiga an miƙo miki kofi a ɗan kofin takarda an turo kujera. Ba ku da yare ɗaya amma hira ce sosai. Wannan bas baya ba da ita ko nawa aka biya, dan sai an ga fuskarki sau biyu sau uku ake sakin jiki da ke, Koriyawa a karon farko suna da ɗaure fuska da sauri-sauri, ba ƙiyayya bace, haka garin yake.

Daga kasuwar ki tsallaka ki hau Changsin-dong, unguwa ce a jikin tudu bayan tsohuwar ƙofar gari ta gabas. Nan ake ɗinka abun da ake sayarwa a ƙasa. Ƙananan shaguna ne birjik a cikin gidajen zama, wasu rabi a cikin ƙasa tagarsu daidai gwiwarki, mata da miji da keke biyu ko uku da teburin yanka, wani shagon aljihu kawai yake yi, wani ramin maɓalli kawai, wani guga. Za ki ji ƙarar kekuna ta ko'ina da rediyo, tururin dutsen guga yana fita ta bututu a jikin bango, buhunan ƙyallaye a ƙofar gida suna jiran masu shara, babura kuma suna hawa da yadi suna sauka da riguna a leda, dan abun da aka yi oda da safe da dare yana rataye a kasuwa. Ki kula da baburan, lungun ya yi musu kaɗan. Ki lura da shekarun masu ɗinkin, kusan duk sun manyanta, yaransu sun yi jami'a basa son keke, aikin kuma yana ta tafiya China da Vietnam, wannan kaɗai ya ishe ki tunani ke da kike da 'yan koyo. Wurin neman abincin mutane ne ba wurin kallo ba, dan haka kar ki cusa waya ta taga, ki gaishe su da ɗan sunkuyo, in an yi miki murmushi ki matsa in ba a yi ba ki wuce. In kika kai can sama za ki ga dutse an yanke shi a tsaye gidaje a bakinsa, nan Japanawa suka fasa dutsen da suka gina manyan gine-ginensu na mulki, kusa kuma ganuwar gari ce ta Naksan, ganuwar da aka fara a 1396 mai tsawon kilomita 18.6, ki zauna ki huta garin gaba ɗaya yana ƙasanki kuma ba ko sisi.

Akwai wani suna da nake so ki riƙe kafin ki je, Jeon Tae-il. Mai yanka ne a kasuwar Pyeonghwa, nan bakin rafin Cheonggyecheon taku kaɗan daga kasuwar yadin. A shekarun 1960 'yan matan da suke hidimar kekuna a wurin wasu shekararsu 13 wasu 15, daga ƙauye aka kawo su, suna aiki awa 14 ko fiye a wani bene da aka raba biyu wanda mutum baya iya miƙewa tsaye, ƙurar yadi tana cinye musu huhu, ladan yini kuma ko abinci baya isa. Shi yakan ɗauki kuɗin motarsa ya saya musu ɗan abun taɓawa ya taka da ƙafa zuwa gida. Ya gano akwai dokar ƙwadago a rubuce ba mai bin ta, ya yi ta kai ƙara ba a saurare shi ba, ranar 13 ga Nuwamba 1970 yana da shekara 22 ya cinna wa kansa wuta a gaban kasuwar yana cewa a bi doka, ma'aikata ba injina bane. Mu addininmu bai yarda mutum ya kashe kansa ba kuma bazan yaba wannan ba, amma zaluncin da ya kai shi ga haka gaskiya ne, kuma daga mutuwarsa ƙungiyoyin ma'aikatan ƙasar suka samu ƙarfi, mahaifiyarsa Lee So-sun ta ci gaba da fafutukar har ta rasu a 2011. Akwai mutum-mutuminsa a kan gadar da ke gaban kasuwar, akwai kuma gidan tunawa da shi da aka buɗe a 2019 a bakin rafin, an kwaikwayi irin ɗakin ɗinkin a ciki. In kika duƙa kika leƙa ɗakin nan za ki fahimci da me aka sayi hasken da kike gani a Seoul. Shi kansa rafin da kwalta da gadar sama aka rufe shi shekara da shekaru, sai tsakanin 2003 da 2005 aka fasa aka fito da ruwan, ki bi bakinsa da ƙafa da la'asar.

Rana ɗaya kuma ki je gidan kayan sana'ar hannu na Seoul da ke Anguk, an buɗe shi a 2021, shiga kyauta, Litinin a rufe. Akwai ɓangaren surfani da na bojagi, wato ƙyallen ɗaure kaya da matan da suke haɗawa daga ragowar yadi, ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana har sai kin matsa kike ganin zaren. Ke da kike share ƙyallaye kullum a shago nasan za ki fito da dabara. Saman kasuwar Gwangjang ma, wadda take tun 1905, akwai masu yadin hanbok, wato tufafin gargajiyarsu, da siliki da gwanjo, mutane suna cika ƙasa wajen abinci su manta da saman.

Juma'a kuma masallaci. Ki sauka a Itaewon layi na 6 ki hau tudu, babban masallacin Seoul ne, an buɗe shi a 1976, gwamnatin Koriya ta ba da fili, Saudiyya da wasu ƙasashen Musulmi suka ba da kuɗin gini. Musuluncin wannan zamanin ya shiga ƙasar ne ta hannun limaman sojojin Turkiyya da suka zo yaƙin Koriya, duk da littattafan tarihinsu sun rubuta zuwan fatake Larabawa tun 1024. Wajen mata yana sama da ƙofarsa daban. Ki je da wuri kuma in an idar kar ki yi saurin tashi, nan za ki haɗu da matan Indonesiya da Malesiya da Uzbekistan da Pakistan, da Koriyawan da suka musulunta, waɗannan su ne za su gaya miki gaskiyar zaman garin, yadda ake yi da surukai da azumi a wajen aiki da neman nama. Ki yi sallama ki gabatar da kanki, matambayi baya ɓata. Layin masallacin cike yake da gidajen abincin halal da shagunan nama da kayan miya, kuma a Itaewon ɗin akwai 'yan Najeriya da suka daɗe, galibi 'yan kudu, da gidajen abincinsu in kewar tuwo ta kama ki. Abu ɗaya, ƙarshen Oktoba da dare kar ki kusanci lungunan tashar, nan ne turmutsutsu ya kashe mutum 159 ranar 29 ga Oktoba 2022.

Maganar abinci tsoronki yana kan hanya, alade yana shiga inda bakya zato, a romo, a cikin naɗin shinkafar nan gimbap, a soyayyen ƙullun wake na kasuwar Gwangjang da mutane suke layi a kai wanda sau da yawa da naman ko kitsensa ake yi, kuma suna zuba giyar girki a wasu miyoyin. Naman sa da kaza ma in ba a wurin halal ba ba yankanmu bane. Amma kar wannan ya sa ki sati biyu kina cin shawarma, kifi zai fisshe ki. Gefen kasuwar yadin nan akwai lungun masu gasa kifi, a ƙofar shago suke gasawa hayaƙi ya cika layin, ki nemi titus ko wani da kika nuna da hannu, za a kawo shi da shinkafa da miya da 'yan kwanuka na ganye da kimchi, wato kabejinsu mai tsami da yaji, da ake ƙara miki kyauta in sun ƙare, sai dai ki tambaya ko suna gasa alade a kan waya ɗaya dan wasu suna yi. Akwai gidajen abincin 'yan addinin Buddha da babu nama sam, akwai gasasshen dankalin Hausa da ake sayarwa in sanyi ya fara, akwai bibimbap, wato shinkafa da ganyayyaki a kwano ɗaya, in kika ce a cire nama. Maigidan ya sa abokin karatunsa Bakoriye ya rubuta miki a kati da yarensu cewa bakya cin alade da naman da ba halal ba da giya, ki dinga miƙawa, yafi dogon bayani. Sallah kuma ki sa ƙaramar darduma a jaka, ki tsara fitarki tsakanin lokuta, masallatai ba yawa.

Zirga-zirga kar ta dame ki ko kaɗan. Ki sayi katin T-money a kowane ƙaramin shago ki zuba masa kuɗi, shi za ki dinga taɓawa a jirgi da bas. Kowane layi da kalarsa da lambarsa, kowace tasha da lambarta, kowace ƙofar fita ma da lamba, ana kuma faɗar tasha da Turanci. Ki sauke Naver Map ko KakaoMap dan su mutanen garin suke amfani da su, da Papago na fassara wanda za ki haska wa rubutu ya karanta miki, lambar 1330 kuma ta taimakon baƙi ce ana amsawa da Turanci. Daga yanzu zuwa tafiyarki ki koyi haruffansu, 24 ne kacal, Sarki Sejong ya ƙirƙiro su a 1443 musamman dan talaka ya iya karatu, cikin kwana kaɗan za ki fara haɗa sunan tasha, kuma in kika ce annyeonghaseyo da gamsahamnida, kika miƙa kuɗi da hannu biyu, kika cire takalmi inda kika ga an cire, kin gama da rabin ladabin garin. A jirgi ba a ɗaga murya a waya, kujerun ƙarshe kuma na tsofaffi ne da masu ciki ko babu kowa kar ki zauna.

Za a kalle ki, gara na faɗa miki tun yanzu. Baƙar mace da hijabi a unguwar da ba ta baƙi ba, tsofaffi za su bi ki da ido, wata ta tambayi shekarunki da 'ya'yanki nawa, wata ta taɓa mayafinki, wani lokacin kuma kujerar kusa da ke ta zauna ba kowa har ki sauka, wannan na ƙarshen yana da ciwo bazan ɓoye miki ba. Amma garin yana da tsaro sosai, mace tana tafiya ita kaɗai ba mai tare ta, kuma yawancin kallon na rashin sabo ne. Kar ya mayar da ke ɗaki.

A cikin jerin kamfanin, Myeongdong awa ɗaya ta isa ki sayi mayukan tsaraba ki fita. Namsan ki bari sai maigida yana nan ku hau da yamma. Iyaka in yana so ku je tare, yawanci da kamfani ake zuwa kuma dole da fasfo, ƙasar har yau tsagaita wuta aka yi a 1953 ba sulhu ba, kuma akwai tsofaffin da suka mutu basu sake ganin 'yan uwansu na arewa ba, in kin je ki je da wannan a ranki. Unguwar tsofaffin gidajen nan Bukchon ita ce nake jin nauyinta, gidajen mutane ne da suke kwana a ciki, baƙi sun dame su da hayaniya da leƙe har hukuma ta hana 'yan yawo shiga layin da yafi cika daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na safe, da tarar won 100,000. In kin bi ta nan ki wuce shiru. Madadinta in kina son tarihi ki je kurkukun Seodaemun da aka gina a 1908, inda Japanawa suka tsare masu neman 'yanci, ciki har da Yu Gwan-sun, yarinya 'yar makaranta da ta rasu a can a 1920 tana da shekara 17, wurin yana da nauyi a zuciya amma bayansa za ki gane me yasa Koriyawa suke yadda suke game da ƙasarsu.

Kuma ƙanwata kar neman ganin gari ya sa ki manta wajen wa kika je. Shekara biyu mutumin nan yana cin abinci shi kaɗai. Ki ce ya nuna miki nasa Seoul ɗin, shagon da yake sayen madara, hanyar da yake bi da dare in ya taso, inda yake sallah a makaranta, abokan da suka riƙe shi lokacin da ya yi rashin lafiya ko kewa ta dame shi. Ki dafa musu abincin gida rana ɗaya ya gayyato su, ki taho da yajinki da kuka, amma banda kilishi da duk wani nama, a filin jirgin Incheon ƙwacewa ake kuma tarar tana da nauyi. Da yamma ku sayi abun sha ku shimfiɗa tabarma a bakin kogin Han wajen Mangwon kamar yadda iyalan garin suke yi. Kwana biyu ko uku ma ki bar su ba tsari, ki zaga unguwarku kawai ki san mai kayan miya.

Oktoba lokaci ne mai kyau, ba ruwa sosai ba zafi, amma da safe yakan sauka wajen digiri 10 dan haka ki taho da rigar sanyi da safa da takalmin da za ki iya wuni a ciki, garin duk tudu ne da matakala. Ranar 3 da 9 ga wata hutu ne a ƙasar, wata shekarar ma bikin kakarsu na Chuseok yana faɗowa farkon Oktoba kasuwanni su rufe kwanaki, maigidan ya duba miki kalanda kafin ki sa ranakun Dongdaemun. Sayen yadin ki bar shi sai satin ƙarshe bayan kin san farashi, ki duba kilo nawa tikitinki ya ba ki dan yadi nauyi ne da shi, kuma ki karɓi katin duk mai rumfar da kuka saba, in kayan sun karɓu a Zariya maigida zai iya komawa da lambar kala ya sayo miki. Allah ya tsare hanya, ya ba shi sa'ar karatu, ki gaishe min da 'yan shago.